Hurumin Birnin Kano: Daga Kurmin Jakara Zuwa Yau

Kowane garin Hausa da ya amsa sunansa yana da bayan gari. A yau idan aka ambaci wannan kalma, hankalin yara kan tafi ga makewayi ne kawai, alhali kuwa asalinta sunan wuri ne, wato filin da ke kewaye da gidaje, wanda ba mai iya bugun ƙirji ya ce nasa ne shi kaɗai. Shi ne magabata ke kira hurumi. A wannan maƙala za mu dubi hurumin birnin Kano, da itatuwa da dabbobin da suka rayu a cikinsa, da yadda aka yi ya salwanta.

Kalmar hurumi daga Larabci aka aro ta, kuma tana da gindin zama a fiƙihun Malikiyya. Malamai sun bayyana cewa kowane gari yana da haƙƙin filin da mutanensa za su yi itace su kuma yi kiwo, gwargwadon nisan da za a je a dawo a yini guda, kuma ba a yarda wani ya killace shi don kansa ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum a kan hukuncin mallakar ƙasa, mai suna Ta'alimur Radi, inda ya taɓo wannan batu. Sai dai mu a ganinmu, al'adar keɓe fili ta girmi littattafan. Kafin shari'a ta tsare dajin Kano, tsoro ne ya tsare shi.

Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a wajajen ƙarshen ƙarni na 19, Palmer kuma ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, ya buɗe ne da labarin Barbushe da mutanen Dala. A cikinsa an ambaci kurmin Jakara, wanda ake wa laƙabi da Kurmin Baƙin Ruwa saboda duhun ruwan da ya kewaye shi. Mutanen wancan zamani sun ɗauka cewa idan masifa na tafe, kurmin ne ke fara ba da alama, sai a kai masa yankan baƙar dabba. Wurin da ake jin tsoro haka kuwa, ba mai shigarsa da gatari. Littafin ya kuma ce Barbushe kan kashe giwa da sandarsa ya ɗauko ta a ka. Wannan zuzutawa ce irin ta labarin jarumai, ba ma musu. Amma mai ba da labari ba ya ɗora wa jaruminsa dabbar da masu sauraro ba su san da ita ba.

Sarakuna ne suka fara taɓa kurmin. Sarki Tsamiya (1307-1343) ya rushe wurin tsafin Tsumburbura. A zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) aka sare itaciyar da ake tsafi da ita, aka gina hasumiya a gurbinta, sannan aka kafa kasuwa a gefen Jakara. Sunanta har gobe Kasuwar Kurmi, ko da yake wanda ya je neman inuwar itace a cikinta yanzu zai sha rana.

Duk da haka fili bai ƙare ba, domin ganuwa kanta an gina ta ne da hangen yunwa da yaƙi. Tun daga Gijimasu (1095-1134) da ya aza harsashinta, zuwa Rumfa da Muhammadu Nazaki (1618-1623) da suka faɗaɗa ta, ba gidaje kaɗai aka kewaye ba. An haɗa da duwatsun Dala da Goron Dutse da gonaki da makiyaya, yadda ko abokan gaba sun yi wa birni zobe za a sami abin kai wa baka. Da Baturen Birtaniya Clapperton ya iso Kano a watan Janairu na 1824, ya ƙiyasta mazaunanta tsakanin dubu 30 zuwa dubu 40, ya kuma lura cewa gidaje ba su ci fiye da rubu'in filin da ke cikin ganuwa ba. Sauran duk gonaki ne da lambuna. Ya ga fadamar Jakara ta kusa raba birnin gida biyu, cike da agwagin ruwa da sauran tsuntsaye, ga ungulaye ko'ina. Bai yaba ba, don shi ƙazanta da zazzaɓi ya hango. Barth, Bajamushen da ya ari sunan Abdulkarim, ya zo a 1851, ya hau Dala ya tarar da kusan abin da na gabansa ya gani.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya mu dubi abin da talaka ke samu a wannan fili, don masu rubuta tarihi sun fi damuwa da sarakuna. Hurumi ne wurin kiwon akuyar tsohuwa da jakin ɗan koli. Daga nan ake yanko gamba don zana da jinka, a saro sabara da kalgo don girki, a tsinko tafasa da ganyen kuka don miya. Yara na da rabonsu a kanya da magarya da kurna da aduwa, ba mai ce musu don me. Gawo kan kakkaɓe ganyensa da damina ya bar shuka ta sha rana, da rani kuma ya yi ganye ya zubo wa dabbobi 'ya'yansa. Kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini su ne ke shanye ruwan sama, a cikinsu ake kamun tarwaɗa da gaiwa, bado da kainuwa na lulluɓe da su. Zalɓe da balbela da kirinjijiya na bakin ruwa, shamuwa kuma idan ta sauka a kan rimi manomi ya san lokacin gyaran gona ya yi. Can waje da ganuwa akwai zomo da kurege da damo da makwarwa, da dare kuwa dila da kura ke zagaye. Burtali ya ratsa gonaki ya kai shanu mashaya. Har a binciken da Mortimore da Wilson suka buga a 1965, an nuna yadda jakuna ke shigo da itace birni su fita da taki zuwa gonaki. Birni da jejinsa, cuɗe-ni-in-cuɗe-ka suke yi.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Dokar ƙasa ta 1910 ta sanya filayen Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Aka yanka Nasarawa da Sabon Gari da Bompai a gabashin ganuwa. An yi dokar keɓe makiyaya a 1965, amma jeji ta fi shafa, ba bakin birni ba. Sai dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha. A takarda amana ce aka ba shi. A aikace kuwa, filin da ba shi da takardar mallaka ya zama filin da ba shi da mai shi, hurumi kuma bai taɓa yin takarda ba, tunda kowa ya san na kowa ne.

Ba za mu ɗora laifin duka a kan hukuma ba. Birnin da mutanensa ba su wuce kimanin dubu 130 ba a ƙidayar 1952, ya kusa kai miliyan uku a ta 2006, kuma dole kowa ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa. Abin da muke ƙorafi a kai shi ne rashin zaɓe. An cike kududdufai da shara an yi gini a kansu, ruwan da suke shanyewa ya koma neman hanya ta cikin ɗakunan mutane. Jakara ta zama magudanar ƙazanta, rafin Getsi na ƙara mata dagwalon masana'antun Bompai kafin ta isa madatsar Wasai, a hanya kuma da ruwan ake ban-ruwan latas da kabeji. Ganuwar da aka sa a jerin wucin gadi na kayan tarihin duniya na UNESCO a 2007, an ci mafi yawanta. Ko filin Idi bai tsira ba: an gina shaguna a jikinsa, wata gwamnati ta rushe su a 2023, magana ta kai kotu.

Dabbobi kuwa tuni suka yi ƙaura. Gauraka ya zama sai labari a mafi yawan ƙasar Hausa. Ungulun da ta gundiri Clapperton, wadda ke share mushe a mahauta ba lada, an sa ta a jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya a 2015, kuma farautar ta don haɗa magani na daga cikin dalilai. Mu da muke koyar da adabi, abin yana zo mana har cikin aji. Mukan karanta tatsuniyar Gizo da kura da ɗaliban da ba su taɓa jin kukanta ba, in ma sun gan ta sai a gidan zu ko a hannun gardi. Idan muka kawo karin magana a kan damo ko kurege, sai mun fara da bayanin kamannin dabbar kafin mu isa ga hikimar.

Abin da ya rage a fili shi ne sunaye. Ɗan Kano kan ce za shi Kurna, ko Giginyu, ko Ɗorayi, ko Durumin Iya, ko Gandun Albasa, ba tare da ya tuna itatuwa da gonaki yake lissafawa ba. Kwanan baya mun sa ɗalibanmu su rubuto sunayen unguwannin garuruwansu da suka samo asali daga itace ko dabba, kowa kuma ya binciko ko abin da aka sa wa unguwar sunansa yana nan. Sunaye sun cika takardu, amsar tambaya ta biyu ce ta yi ƙaranci.