Maigida da Mazauna Gidansa a Sabon Ibadan: Waiwaye a Kan Tarihin Fatomanci

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa kalmar "maigida", wadda a yau muke laƙaba wa mai karɓar kuɗin haya, tana da wata tsohuwar ma'ana a zangunan Hausawa na Kurmi, ma'anar da ta fi ƙarfin haya nesa ba kusa ba.

Tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, falke ba ya sauka a gari sai a hannun fatoma. Da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa, sai suka tafi da wannan al'ada Kete-Karachi da Kumasi. Polly Hill ta yi nazarinta a kasuwar shanun Kumasi a 1966. Amma inda aka fi ƙwanƙwance ta shi ne Sabon Ibadan, unguwar da aka keɓe wa Hausawa a 1916, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano. A can ne Abner Cohen ya zauna a 1962 da 1963, ya kuma fitar da littafinsa a 1969.

A Sabo na wancan zamani, gida jari ne. Mai shanu in ya iso daga Arewa, maigida ne zai ba shi ɗaki, ya ciyar da shi daga tukunyar matansa, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali. Ba ya biyan ko anini da sunan haya. Abin da maigida yake samu yana fitowa ne daga la'ada. Muhimmin abu a nan shi ne bashi. Mahauta Yarabawa bashi suke ɗaukar shanu, baƙo kuwa bai san kowa ba, saboda haka maigida ne yake tsaya masa. In mahauci ya gaza biya, asarar ta maigida ce. To, me zai sa baƙo ya amince da wannan lamuni? Gidajen da yake gani da idonsa. Mai gidaje ba ya tsere wa bashi cikin dare.

Sai kuma rukuni na biyu, wanda a ganina masu nazari ba su ba shi haƙƙinsa ba, watau yaran maigida: dillalai, da malaman lissafi, da 'yan aike. Ana ce musu yara, alhali magidanta ne, wasu har da furfura. Suna zaune a ɗakunan maigida, sau da yawa shi ya yi musu aure. Ba takarda tsakaninsu, ba wa'adi. Ranar da yaro ya saɓa wa maigida, ɗaki da sana'a yake rasawa a lokaci guda. Haka shi ma maigida ba ya kora da garaje, domin dillali in ya tashi, da baƙinsa yake komawa gidan abokin gasa. Rigima in ta faskara, gaban Sarkin Hausawa ake kai ta, shi ma kuwa babban maigida ne. Wannan kaɗai ya isa a gane inda hukunci ya fi karkata.

Dokokin haya da muka gada daga Turawa ba su san wannan dangantaka ba. Ɗan haya suka sani: mai biya shekara-shekara a ba shi sanarwar wata 6, mai biya wata-wata a ba shi ta wata 1, kafin a nufi kotu. Dokar haya ta Jihar Ikko ta 2011 ta ƙara da hana karɓar kuɗin fiye da shekara 1 daga sabon ɗan haya. Duk wannan kariya a kan kuɗin haya aka gina ta. Baligin da ya shekara 20 a ɗakin maigida yana biya da hidima, a idon doka matsayinsa bai wuce na wanda aka yi wa alfarmar zama ba, kuma sanarwar kwana 7 ta isa a nemi ya fita.