Daren da Aka Hana Sauka a Girka

A ɗakin karatun jami'a na fara cin karo da labarin jirgin ruwan Quaker City. Ya tashi daga New York ranar 8 ga Yuni, 1867, ya shafe wata biyar yana yawo da masu buɗe ido. Yininsu bai wuce cin abinci da rubuce-rubuce da addu'ar dare ba, sai shirin wuraren da za a ziyarta. A gaɓar Girka hukuma ta hana su sauka saboda tsoron annoba. Mark Twain da mutum uku suka sulale cikin dare, suka taka har Akropolis. Jarumtarsu ta burge ni, amma da suna ɗauke da cutar, da mutanen Atina ne za su ɗanɗana kuɗarsu.