Dabbar Gévaudan da 'Yan Jarida

Daga 1764 zuwa 1767 wata dabba ta hallaka kimanin mutum 100 a Gévaudan, a kudancin Faransa, yawancinsu mata da yara masu kiwo. Fim ɗin Le Pacte des loups na 2001 ya mayar da ita makamin wata ƙungiyar asiri, amma a ganina kyarkeci ne, jarida ta hura shi ya zama dodo. Yaƙin da Faransa ke yi ya ƙare a 1763, don haka jaridar Courrier d'Avignon na ƙishin labari. Za a ce ai maharbin Sarki Louis XV ya harbe ƙaton kyarkeci a 1765 kuma kisan bai tsaya ba. Wannan ma shaida ce: ba kyarkeci ɗaya ba ne, suna da yawa.