Idan kwamfutar gida ta ƙi tashi: abin da ya kamata a duba kafin a kai wa mai gyara

A Azare, hedikwatar ƙaramar hukumar Katagum a Jihar Bauchi, kwamfuta ta daɗe da shiga gidaje. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da na Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau suna rubuta kundin kammala karatu a kanta, masu shirin jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, suna gwaji da ita. Ranar da ta ƙi tashi, aikin watanni da ke cikinta ne ke cikin haɗari, kuma sau da yawa gaggawar gyara ce ke salwantar da shi.

Kwamfuta tana tashi ne a matakai uku. Da farko wuta ta shiga. Daga nan wata ƙaramar manhaja da ke kan madabod, wadda ake kira BIOS ko UEFI, ta gwada sassan na'urar. A ƙarshe ta nemo Windows a rumbun ajiya ta buɗe shi. Matakin da ta tsaya shi ne ke nuna inda matsalar take.

Babu haske, babu motsin fanka

Wannan alamar wuta ce ba ta shiga. A gwada soket ɗin da wani abu, kamar cajar waya. A duba fiyus ɗin da ke cikin filogi mai ƙafa uku, domin yakan ƙone idan wuta ta dawo da ƙarfi ko janareto ya yi wasa. Idan kwamfutar tafi-da-gidanka ce, a cire caja, a cire batir idan mai fita ne, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan a mayar da caja kaɗai a gwada.

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Wasu tsofaffin kwamfutocin tebur na hannu da aka shigo da su daga Amurka suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Idan yana kan 115 aka jona, akwatin wutar zai ƙone nan take. Kada a buɗe wannan akwati a gida, domin yana riƙe wuta ko bayan an cire filogi.

Fanka na juyawa, allo baƙi

A tabbatar wayar allo ta zauna daram. A kwamfutar tafi-da-gidanka, a jona ta da talabijin ta wayar HDMI. Idan hoto ya fito, allon ne ya lalace, sauran na'urar lafiya lau.

Idan tana ƙara ɗiit-ɗiit ko wata fitila na ƙiftawa, a ƙirga, domin kowane kamfani yana da fassarar wannan alama. Galibi RAM ne ya motsa ko ƙura ta shiga mazauninsa, abin da ya fi yawa da hunturu. A cire filogi, a taɓa ƙarfen jikin akwati don sauke wutar jiki, a zare RAM, a busa mazauninsa da mabushin iska, a mayar har ya yi ƙas.

Idan tana tashi ta mutu bayan ɗan lokaci, zafi ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin yankin Katagum kan haura digiri 40, kuma kwamfuta tana kashe kanta idan fanka ta toshe. Ɗora ta a kan katifa ko darduma yana rufe ƙofofin iskarta.

Idan kwanan wata yana komawa baya kullum, ƙaramin batirin madabod ne ya ƙare. A yawancin kwamfutocin tebur lambarsa CR2032, mai bolt 3, kuma ba shi da tsada.

Tambarin kamfani ya fito, Windows bai buɗe ba

A cire duk fulash da abin da aka jona, domin kwamfutar kan nemi tashi daga cikinsu. Idan ta ce ba ta ga rumbun ajiya ba, a shiga BIOS: maɓallin F2 a Dell, F10 a HP. Idan sunan rumbun ya bayyana a can, akwai kyakkyawan zaton cewa bayanan suna nan. Kashe ta da maɓalli sau uku a jere tana tsakiyar tashi yakan buɗe shafin gyara na Windows 10 da 11, inda za a zaɓi gyaran tashi.

Idan kuwa rumbun yana ƙas-ƙas, a kashe nan take. Kowace kunnawa tana ƙara lalata abin da ke ciki.

Lokacin zuwa wurin mai gyara

Warin ƙuna, zubar ruwa a ciki, ko kumburin batir, duk sun wuce gyaran gida. Kafin a miƙa ta, a gaya wa mai gyara ƙarara cewa kada ya yi fomatin sai an kwashe bayanai. Ko madabod ya mutu, ana iya zare rumbun a sa shi a wata kwamfuta a kwafe komai. Idan an kulle rumbun da BitLocker, za a buƙaci mabuɗi mai lamba 48, wanda galibi ke ajiye a asusun Microsoft na mai kwamfutar.

Rigakafi

A jona kwamfutar tebur ta sitabilaiza da UPS. A cire filogi idan an ɗauke wuta, ko idan hadari ya taso da tsawa a damina. A rufe ta da ƙyalle bayan ta huce. Mai aiki mai muhimmanci kuma ya riƙa ajiye kwafi biyu kowane mako, ɗaya a fulash, ɗaya a imel ko Google Drive.