Dagmar, Matar Sarkin Danmak

Idan ka dubi taswirar Turai, can arewa da Jamus za ka ga wata 'yar ƙasa ta miƙe cikin teku, ga tsibirai barjat gabas da ita. Ita ce Danmak. Cikin shekara ta 1202, sa'ad da Waldemar na Biyu ya ci sarautarta, babu sarkin da ya kai shi ƙarfi a bakin Tekun Baltik, har birnin Lubek na Jamusawa yana ƙarƙashinsa. Mutanensa suka yi masa laƙabi da Mai Nasara. To, labarin matarsa ta fari za mu bayar. Sarauniya su ke kiranta, amma fa ba ta yi mulki ba, matar sarki ce kawai.

Sunanta na yanka Margareta. An haife ta wajen 1186, 'yar Bohimiya ce, ƙasar da birnin Prag ya ke. Ubanta Otokar na Farko, uwarta kuwa Adela, 'yar gidan sarautar Maisen ta Jamus. Tun tana yarinya ta ga abin da sarauta ke yi wa aure. Da Otokar ya sami rawanin sarki sosai a 1198, sai ya ce wai shi da Adela 'yan'uwa ne na kusa, aurensu bai halatta ba, alhali kuwa sun yi shekara kamar ashirin tare, har da 'ya'ya. Ya kore ta, ya auri Konstans, 'yar Sarkin Hangari. Ka san bisa ga addinin Kirista mutum ba ya ajiye mata biyu, sabo da haka korar uwa korar 'ya'yanta ce daga gado. Adela ba ta yarda ba. Ta kai ƙara wurin Paparoma, aka yi ta jan shari'a shekara da shekaru, har a 1210 aka tabbatar da auren amarya. Shekara na kewayowa Adela ta rasu a garinsu, ɗanta Bratislab kuwa bai taɓa hawa gadon ubansa ba.

A tsakiyar wannan rigima, cikin 1205, aka ɗaura wa Margareta aure da Waldemar. Mutanen Danmak suka kira ta Dagmar, watau a kunnensu kamar a ce budurwar wayewar gari.

Abin da marubutan zamaninta suka rubuta a kanta bai cika tafin hannu ba. Akwai wani ɗan'uwan sarki, shi ma sunansa Waldemar, babban limamin Kirista ne, wanda ya nemi ƙwace sarauta aka kama shi a 1193. Shekara 13 yana tsare. Aka sake shi a 1206, aka ce roƙon Paparoma da na sarauniya ne suka fid da shi. Sakin nan bai yi wa sarki rana ba, gama mutumin yana fita ya koma ga maƙiya. A 1209 Dagmar ta haifi ɗa namiji, aka sa masa sunan ubansa. Ran 24 ga watan Mayu, 1212, ta rasu, an ce wajen haihuwa. Aka binne ta a majami'ar Ringsted, inda a ke binne sarakunan gidan. Shekara bakwai ke nan ta yi a Danmak.

To, yaya aka yi mace mai wannan gajeren labari ta fi dukkan matan sarakunan ƙasar suna? Mawaƙa ne suka yi aikin. Waƙoƙinta sun daɗe suna yawo a bakin mutane kafin wani malami, Anders Wedel, ya buga su a littafi a garin Ribe cikin 1591, kusan shekara 400 bayan mutuwarta. Mawaƙan sun ce da gari ya waye bayan biki, sarki ya ce ta zaɓi kyautar da ta ke so, sai ta ƙi zinariya da gonaki, ta roƙa a ɗauke wa talakawa harajin garma, a kuma saki na kurkuku. Sun ce da ciwon ajali ya kama ta a Ribe, sarki ya yi sukuwa daga nesa, ya iske an riga an ɗauko gawa. Sai ta farka, ta roƙi gafara ga masu laifi, ta kuma gargaɗe shi kada ya auri wata mai suna Bengerd. Wai zunubinta ɗaya tak a duniya, ta taɓa ɗaure hannun rigarta ta siliki ran Lahadi.

Bengerd ɗin nan ita ce Berengariya, 'yar Sarki Sanco na Fotugal, wadda Waldemar ya aura a 1214. Mawaƙa suka mai da su kamar kishiyoyi, ko da ya ke ba su taɓa zama gida ɗaya ba: ta fari mai tausayi, ta biyu kyakkyawa amma mai baƙin ciki da son haraji. A ganinmu an zalunci Berengariya. Ita ma shekara bakwai ta yi, ta rasu a 1221, kuma babu wata takarda ta zamaninta da ta nuna muguntarta. Abin da ya jawo mata baƙin jini ya faru ne bayan ta daɗe a kabari.

Ga yadda aka yi. An naɗa ɗan Dagmar sarki tare da ubansa a 1218. A 1223 wani hakimin Jamus, Henri na Shwerin, ya kama su biyun da dare suna farauta a tsibirin Liyo, sai da aka biya fansa mai yawa kāna aka sake su, ƙasashen da aka ci a Jamus kuwa suka kuɓuce. Yaron ya auri Eleyano ta Fotugal a 1229. Cikin 1231 matar ta rasu, bayan 'yan watanni shi kuma kibiya ta same shi bisa kuskure wurin farauta. Bai bar magaji ba. Zuriyar Dagmar ta ƙare ke nan.

Da tsoho ya rasu a 1241 sai sarauta ta faɗa hannun 'ya'yan Berengariya uku, suka ci ta bi da bi, ba lafiya. Erik ne ya aza wa kowace garma haraji, har a ke kiransa Kwabon Garma. Ka ga harajin da aka ce Dagmar ta roƙa a ɗauke, sai bayan ta mutu da shekaru ya dami mutane. A 1250 mutanen ƙanensa Abel suka sare kan Erik cikin jirgi, suka jefa gawar a ruwa. Abel ya rantse ba hannunsa, ya hau gado, aka kashe shi wurin yaƙi a 1252. Autansu Kiristofa ya mutu a 1259, ana raɗe-raɗin guba ce. Talakawan da suka sha wannan wuya su ne suka ɗora laifin 'ya'ya a kan uwa, suka riƙa begen wadda ɗanta bai yi mulki ba balle ya ɓata. Amma daga tsatson Kiristofa sarakunan Danmak na baya suka fito.

Akwai wani ɗan gicciye na zinariya, aikin Rumawan gabas, da aka ce an tsinta cikin kabarinta a ƙarni na 17. Yana gidan ajiye kayan tarihi na Kopenhagen, iyaye kuwa su kan saya wa 'ya'yansu mata irinsa. A 1863 an ba gimbiya Aleksandra guda sa'ad da za a kai ta aure Ingila. Ita ce uwar Sarki Joji na Biyar.

Cikin 1855 Sarki Frederik na Bakwai ya sa aka buɗe kaburburan Ringsted. Na Dagmar aka tarar kusan babu kome a ciki. Na Berengariya kuwa ga ƙasusuwanta nan kwance, har da kitson gashinta mai kauri.