Gardamar Makarantu a Ƙasar Holan

A shekarar 1878 gwamnatin Holan ta kafa doka, ta ƙara wa makarantunta kuɗi, watau waɗanda ba a koyar da aƙidar addini cikinsu. Makarantun Kirista kuwa, ko anini. Iyaye suka ce nauyi biyu ke nan, ga haraji ga kuɗin makaranta. Babbar hujjarsu, a ganina, ita ce in malami ya yi shiru a kan zancen Allah, shirun nan ma darasi ne, yaro sai ya zaci abin banza ne. Mutum fiye da 300,000 suka kai wa Sarki Wiliyam na Uku kuka a rubuce, duk da haka ya sa wa dokar hannu. Sai 1917 aka yarda baitulmali ya riƙe makarantun duka daidai wa daida.