BABI NA UKU: Kufan Masana'antar Albarushi ta Gretna a Matsayin Madogarar Tarihi

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda Yaƙin Duniya na Ɗaya (1914-1918) ya tilasta wa ƙasashen Turai karkata masana'antunsu ga ƙera makamai. A wannan babi kuwa za a dubi ɗaya daga cikinsu, wato masana'antar albarushi ta Gretna, wadda Birtaniya ta kafa a kan iyakar Ingila da Sikotilan. Za a kawo dalilin kafa ta, da yadda aka tsara ta, da abin da ya rage a kufanta. Daga nan sai a auna ko wannan kufai zai iya zama madogara ga mai nazarin tarihi, kamar yadda rubutattun takardu suke zama.

3.1 Dalilin Kafa Masana'antar

A farkon shekarar 1915 sojojin Birtaniya da ke fagen daga a Faransa sun fuskanci ƙarancin harsasan igwa. A watan Mayu na wannan shekara jaridar The Times ta fallasa lamarin, inda ta danganta rashin nasarar da aka yi a wani gumurzu da wannan ƙaranci. Surutun da ya biyo baya ya sa aka kafa ma'aikata ta musamman domin makamai, aka ɗora David Lloyd George a kanta. Sai dai ƙwanson harsashi ba ya tashi sai da abin da zai tunkuɗa shi daga bakin bindiga, don haka tilas a nemi wurin da za a samar da albarushi mai yawan gaske.

An zaɓi yankin Gretna da ke bakin mashigin ruwan Solway saboda dalilai uku. Na farko, yana nesa da gaɓar gabas inda jiragen Jamus suke kai hari. Na biyu, fili ne na noma da fadama wanda ba shi da yawan jama'a. Na uku, akwai hanyoyin jirgin ƙasa da kuma wadataccen ruwa daga kogin Esk. An fara gini a watan Nuwamba na 1915 da leburori fiye da 10,000, akasarinsu mutanen Ailan, kuma cikin shekarar 1916 aka fara aiki. Injiniyan da ya jagoranci tsarin shi ne Kenneth Quinan, ɗan asalin Amurka, wanda aka ɗauko daga wata masana'antar nakiya a Afirka ta Kudu.

3.2 Abin da Ake Sarrafawa

Albarushin da aka yi a Gretna shi ne wanda ake kira kodayit, wanda Frederick Abel da James Dewar suka ƙirƙiro a 1889. Ya bambanta da baƙin albarushi na gargajiya domin ba ya tayar da hayaƙi mai yawa. Manyan kayan haɗinsa su ne ruwan naitirogilisarin, da audugar da aka jiƙa da asid har ta zama mai fashewa, da ɗan basilin. Shi gilisarin ɗin daga masana'antun sabulu ake samun sa, waɗanda manjan Afirka ta Yamma yake cikin man da suke amfani da shi. Mata ne suke cuɗa ruwan da audugar da hannu a cikin manyan tukwane. Wannan cakuɗe ne marubuci Arthur Conan Doyle, da ya ziyarci wurin a 1916, ya laƙaba wa sunan da ma'anarsa ita ce kunun Shaiɗan. A 1917 masana'antar tana fitar da kimanin tan 800 na kodayit a kowane mako.

3.3 Yadda Haɗari Ya Tsara Filin

Babban abin lura a nan shi ne, tsoron fashewa ne ya shata fasalin masana'antar. Faɗinta daga Dornock a yamma zuwa kusa da Longtown a gabas ya kai kilomita 14. A ɓangaren yamma, wato Eastriggs, ake yin asid da naitirogilisarin da audugar, a cuɗa su. Daga nan jirgin ƙasa ya kwashi cakuɗen zuwa Mossband a gabas, inda ake matsa shi ya fito kamar taliya, a busar da shi. Layin dogon da ke cikin masana'antar kaɗai ya kai mil 125.

An warwatsa ɗakunan aiki nesa da juna, kuma waɗanda suka fi haɗari an kewaye su da tudun ƙasa. Ɗakunan kansu da katako da rufi marar nauyi aka yi su, domin idan ɗaya ya fashe ƙarfin ya tashi sama, kada ya kama na kusa. Haka kuma, tun da naitirogilisarin ba ya son girgiza, ba a tura shi da famfo. A kan tudu ake haɗa shi, sai ya gangaro da kansa ta cikin magudanar da aka shimfiɗe da darma. Wannan tsantseni ba na banza ba ne, domin a 1917 fashewar masana'antar Silvertown a Landan ta hallaka mutum 73, ta Chilwell kuma a 1918 ta hallaka mutum 134.

3.4 Ma'aikata da Matsuguninsu

A shekarar 1917 akwai mata 11,576 da maza 5,066 da ke aiki a wurin. Kafin a shiga, 'yan sanda mata sukan caje ma'aikata domin kada wata ta shiga da ashana ko wani ƙarfe da zai iya tayar da tartsatsi. Tururin asid ya cutar da ƙirji da haƙoran da yawa daga cikinsu. Domin samar musu da masauki, gwamnati ta gina garuruwa biyu, Gretna da Eastriggs, bisa tsarin Raymond Unwin. An yi gidajen katako da na bulo, da majami'u, da makarantu, da gidan silima. Bugu da ƙari, shaye-shayen leburori ya sa a 1916 gwamnati ta karɓe mashaya da masana'antun giya na birnin Carlisle da kewaye, kuma ba ta sake su ba sai a farkon shekarun 1970.

3.5 Abin da Ya Rage a Kufan

Da aka tsagaita wuta a Nuwamba 1918 buƙatar kodayit ta faɗi. An kwance injuna, aka rushe gine-gine, a 1924 kuma aka yi gwanjon filaye da gidaje. Gab da Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka mayar da sassan Longtown da Eastriggs rumbunan ajiyar makamai. Ana iya kasa abin da ya rage gida uku:

(a) Ayyukan ƙasa: tuddan kariya, da tuddan naitirogilisarin, da shatar layin dogo.
(b) Tushen gine-gine na kankare da bulo, musamman a sashen asid.
(c) Garuruwan biyu, waɗanda har yau akwai mutane a cikinsu. A Eastriggs sunayen tituna irin su Delhi da Singapore da Vancouver suna tuna cewa daga sassan daular Birtaniya aka tattaro masana da injiniyoyi.

Daga wannan rabo za a fahimci cewa abin da aka yi domin ya tarwatse cikin sauƙi, wato ɗakunan katako, shi ne ya ɓace, abin da aka yi domin ya tare fashewa kuwa shi ne ya wanzu. Saboda haka mai binciken kufai yakan karanta wurin ne daga tuddansa. Tazarar da ke tsakanin tudu da tudu tana nuna girman haɗarin aikin da aka yi a ciki, gangaren ƙasa kuma yana nuna inda ruwan ya bi.

3.6 Matsalar Adanawa

Irin waɗannan wurare suna fuskantar matsaloli guda biyu. Ta farko ita ce gurɓacewar ƙasa da asid da darma da ɓurɓushin abin fashewa. Tsabtace ta yakan buƙaci a ƙone gine-gine, a kwashe ƙasa, wanda hakan yana shafe shaidar da ake nema. Ta biyu ita ce sirri. A lokacin yaƙi da sunan ɓoye na Moorside ake ambaton Gretna, daga baya kuma shingen soja ya hana jama'a shiga. Sai dai wannan shinge shi ne kuma ya kare filin daga garma da sababbin gine-gine.

An fara mayar da hankali sosai ga wannan fanni bayan rufe masana'antar albarushi ta Waltham Abbey a 1991, inda masana suka auna kufanta dalla-dalla. Daga wannan aiki ne littafin Wayne Cocroft mai suna Dangerous Energy ya fito a shekarar 2000. A 2016 aka sanya kufan masana'antar cika harsasai ta Barnbow, kusa da Leeds, cikin wuraren tarihi da doka ta kare. A nan ne fashewa ta kashe mata 35 a Disamba 1916, aka kuma ɓoye labarin saboda yaƙi. A Eastriggs ma akwai gidan tarihi mai suna Devil's Porridge, wanda mutanen yankin suka assasa.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa ƙarancin harsasai na 1915 ne ya haifar da masana'antar Gretna, kuma tsoron fashewa ne ya tsara ta. An kuma ga cewa wannan tsari shi ne ya ƙayyade abin da ya rage. Takardun gwamnati suna ba da adadin tan da na ma'aikata, amma kufan ne yake nuna irin nisan da aka ga ya wajaba a bari tsakanin ma'aikaciya da 'yar'uwarta domin kada mutuwar ɗaya ta ja ta ɗayar. Don haka madogaran biyu cika juna suke yi, kuma rasa ɗaya naƙasu ne ga tarihin. A babi na gaba za a dubi rayuwar waɗannan mata bayan an sallame su daga aiki.